Darasi: Bambancin Kallon Duniya Tsakanin Falsafar Gabas da ta Yamma

Muna farawa da sunan Allah Maɗaukakin Sarki, muna gode Masa a kan ni'imar hankali wadda Ya girmama ɗan Adam da ita. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan fitowa ya shafi falsafa. Dalilin zaɓen wannan batu a fili yake. Ɗalibin da ya kai ajin ƙarshe na lise, a Maraɗi yake ko Damagaram ko Tawa ko Yamai, lalle ne ya haɗu da darasin da ake kira filo, kuma ya amsa tambayoyinsa ranar jarrabawar bak. Iyaye da yawa suna tsoron wannan darasi, suna ganin ƙofa ce ta ɓata aƙida. Wasu ɗaliban kuma sukan dawo gida suna raina malaman zaure don sun haddace sunayen Turawa huɗu ko biyar. Ta wani gefen, fina-finan Indiya da na Sin sun daɗe suna shigo mana da tunanin mutanen Gabas, irin su labarin wanda ya mutu aka sake haihuwarsa cikin wani jiki. Wanda bai san tushen ra'ayi ba, ko dai ya haɗiye shi ba da saninsa ba, ko kuwa ya ƙi shi ba tare da hujja ba, kuma duka biyun hasara ce. Don haka za mu duba yadda kowane ɓangare yake kallon duniya, sa'annan mu ga yadda malamanmu suka auna al'amarin.

1. Ma'anar kalmomi

Falsafa kalma ce ta Yunanawa, wato mutanen Girka, wadda Larabawa suka ara, ma'anarta son hikima. Abin da ake nufi da ita shi ne yin amfani da hankali wajen binciken manyan tambayoyi: mene ne asalin samuwa, wane ne mutum, ta wace hanya ake sanin gaskiya, kuma wace rayuwa ce ta ƙwarai.

Idan aka ce falsafar Yamma, ana nufin tunanin da ya faro daga Yunanawa, ya bi ta Rum da Turai, har ya kai Amurka. Idan kuwa aka ce falsafar Gabas, galibi ana nufin tunanin Indiya da na Sin da ƙasashen da suka sha daga gare su, kamar Japan da Koriya. Abin mamaki shi ne, manyan ginshiƙan ɓangarorin biyu sun rayu a zamani kusan ɗaya. Konfushiyus na ƙasar Sin ya rayu daga 551 zuwa 479 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), Sukrat na birnin Atina ya mutu a 399, Buda kuma ya yi zamaninsa a arewacin Indiya a tsakanin waɗannan ƙarnoni. Wani masani Bajamushe, Karl Yasfas, ya ja hankalin mutane ga wannan dacewa a cikin littafin da ya fitar a 1949.

2. Tambayar da kowa ya fara da ita

Mafari yakan nuna inda tafiya ta dosa. Tales, mutumin birnin Miletus wanda kufansa ke cikin Turkiyya ta yau, shi ake ƙirgawa farkon masu falsafar Yunan. Tambayarsa ita ce: daga me aka yi dukan abubuwa? Ya amsa da cewa ruwa ne. Amsar ba ta tsaya ba, amma tambayar ta tsaya, domin waɗanda suka biyo bayansa sun ci gaba da neman haƙiƙar abubuwa da dalilansu. Aflaɗun ya ce abubuwan da ido ke gani inuwa ce kawai ta wasu haƙiƙoƙi tabbatattu waɗanda ba su sauyawa. Almajirinsa Arisɗo (384 zuwa 322) ya saɓa masa, ya duƙufa wajen rarraba dabbobi da tsarin mulki da kalmomi, kowane abu da jinsinsa da iyakarsa.

Konfushiyus kuwa ya tashi a lokacin da sarakunan Sin ke ta yaƙar juna, amana ta yi ƙaranci, ɗa yana tayar wa uba, bafade yana kifar da sarki. Saboda haka tambayarsa ita ce: yaya za a gyara zaman jama'a? Bai zurfafa cikin batun gaibi ba, ya mayar da hankali ga ladabi, da jinƙai, da cika haƙƙi.

Masu hikimar Indiya sun fara ne daga wata damuwa daban, wato wahalar rayuwa. A cikin littattafan Upanishad, da kuma koyarwar Buda, babbar tambaya ita ce: yaya mutum zai kuɓuta daga wahala da zagayen haihuwa da mutuwa? A taƙaice, Bayunane ya fi neman ya san duniya, Basine ya fi neman ya daidaita zama a cikinta, Ba'indiye kuma ya fi neman ya tsira daga ɗaurinta.

3. Wane ne mutum?

Wannan shi ne bambanci mafi girma, kuma shi ya fi taɓa rayuwarmu ta yau da kullum. A Yamma, musamman daga ƙarni na 17, an ɗauki mutum ɗaya a matsayin tushe. Dekart Bafaranshe (1596 zuwa 1650), wanda kowane ɗalibin filo ya san sunansa, ya ƙudura ya yi shakkar duk abin da zai yiwu a yi shakkarsa. Ya ga ido yana yaudara, mafarki kuma yana kama da farke. Daga ƙarshe ya ga abu ɗaya ne ba zai iya musantawa ba, wato samuwar shi kansa mai yin shakkar. A kan wannan ya gina sauran iliminsa, har da hujjojinsa na samuwar Allah, domin shi bai musanta Mahalicci ba. Bayansa Jon Lok na Ingila (1632 zuwa 1704) ya ce kowane mutum yana da haƙƙin ransa da ƴancinsa da dukiyarsa tun kafin a kafa hukuma, kuma hukuma yarjejeniya ce da mutane suka ƙulla don tsare waɗannan haƙƙoƙi. Irin wannan tunani ne ya bayyana a cikin sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta juyin juya halin Faransa a 1789.

Ga mabiya Konfushiyus, ba a gane mutum sai ta hanyar alaƙarsa da wasu. Sun lissafa alaƙoƙi biyar: sarki da talaka, uba da ɗa, miji da mata, babba da ƙarami, aboki da aboki. Kowace alaƙa tana da nauyin da ta ɗora wa ɓangarorin biyu, kuma mutum yana cika mutum ne gwargwadon yadda ya sauke nauyinsa. Manshiyus, wanda ya zo bayan Konfushiyus da fiye da ƙarni ɗaya, ya kafa hujja da cewa duk wanda ya ga yaro yana shirin faɗawa rijiya, zuciyarsa za ta girgiza nan take, ba don neman yabo ko lada ba. Ya ce wannan shi ne irin alheri da ke cikin kowa, sai dai yana bukatar reno kamar shuka. Wannan koyarwa ta zama ginshiƙin mulkin Sin tun zamanin daular Han, kuma jarrabawar ɗaukar ma'aikatan sarki, wadda aka gina a kan littattafanta, ta yi fiye da shekara 1,000 ana yin ta kafin a soke ta a 1905.

Indiya ta tafi nesa fiye da haka. Shankara, babban malamin mazhabar Bedanta, ya koyar da cewa ran mutum da asalin samuwa abu ɗaya ne, rabuwar da muke gani ruɗu ce. Buda kuma ya ce babu wani rai tabbatacce a cikin mutum, sai tarin halaye masu zuwa suna wucewa, kuma riƙo da kalmar "ni" shi ne tushen kwaɗayi da wahala. Mai karatu zai lura cewa abin da Dekart ya mayar tushen tabbas, shi ne Buda ya ɗauka tushen ruɗu.

Kowane kallo yana da ribarsa da haɗarinsa. Fifita mutum ɗaya ya taimaka wajen taka wa azzaluman sarakuna burki, amma idan ya wuce iyaka yakan raunana zumunci, ya bar tsofaffi cikin kaɗaici. Fifita jama'a yana tsare iyali da girmama na gaba, amma yakan zama mafaka ga shugaban da ba ya son a yi masa tambaya. A Indiya kuma an yi amfani da aƙidar karma, wato cewa halin da mutum ke ciki sakamakon aikinsa ne a wata rayuwa da ta gabata, wajen halatta rarraba mutane zuwa ɗabaƙoƙi na gado.

4. Mutum da sauran halitta

Faransis Bekon na Ingila, a cikin littafinsa na 1620, ya yi kira da a bar dogaro ga maganganun magabata, a koma ga lura da gwaji, domin ilimi ya zama ƙarfin da mutum zai sarrafa halitta da shi. Wannan hanya ta haifar da alheri mai yawa: magunguna, da injuna, da lantarki. Ta kuma koya wa mutane kallon daji da kogi da ma'adinai a matsayin kayan aiki kawai, abin da ya taimaka wajen ɓarnar muhalli da duniya ke kuka da ita.

A Sin akwai mazhabar Dawo, wato "hanya", wadda ake jingina wa Lawzi. Littafinta ƙarami ne, babi 81 kacal. Tana koyar da cewa halitta tana da tafarkin da take bi, kuma mai hikima shi ne wanda ba ya tilasta wa abubuwa, yana tafiya tare da ɗabi'arsu. Suna yawan buga misali da ruwa, wanda yake da taushi, yake neman gangare, amma a hankali yakan cinye dutse. Sai dai ya kamata mu lura da cewa abin da ke cikin littafi daban, abin da mutane ke aikatawa daban. Ƙasar Sin, mahaifar wannan koyarwa, ita ce ta zarce kowace ƙasa fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya tun wajen 2006.

5. Zamani: miƙaƙƙen layi ko zobe?

Mutanen Indiya suna kallon zamani kamar zobe. Duniya tana bi ta zamuna huɗu da suke kira yuga, ta lalace, a sake ta, haka nan ba iyaka, rai kuma yana ƙaura daga jiki zuwa jiki. Sinawa sun kalli tarihinsu a matsayin juyi: gidan sarauta ya tashi da adalci, ya lalace da zalunci, Sama ta janye masa izini, wani gida ya karɓa.

Turai kuwa ta gaji kallon zamani a matsayin layi mai farko da ƙarshe daga addinin Nasara, musamman ta hannun Ogustin (354 zuwa 430), wanda aka haifa a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau. Daga ƙarni na 18 sai wasu masana suka cire Lahira daga ƙarshen layin, suka sa "ci gaba" a gurbinta. Ogust Kwant (1798 zuwa 1857) ya ce ɗan Adam yana bi ta matakai uku, daga addini zuwa falsafa zuwa kimiyya. Karl Markis ya ce tarihi gwagwarmaya ce tsakanin masu dukiya da masu ƙwadago, wadda za ta ƙare da al'umma marar ɗabaƙa. Da irin wannan ma'auni ne ƴan mulkin mallaka suka jera al'ummai, suka sa kansu a gaba, suka sa mu a baya.

6. Hanyar sanin gaskiya

Yunanawa mutane ne masu son muhawara a dandali da gaban alƙalai. Sukrat ya shahara da yi wa mutane tambaya a kan tambaya har sai sun gane ba su san abin da suke zaton sun sani ba, kuma a kan haka aka yanke masa hukuncin shan guba. Arisɗo ya tsara ilimin manɗiƙi, wanda ginshiƙinsa shi ne cewa abu ba zai kasance kuma ya rasa kasancewa ba a lokaci ɗaya ta fuska ɗaya. Idan magana biyu suka yi karo, dole ɗaya ta faɗi.

Sinawa sun fi karkata ga neman daidaito tsakanin kishiyoyi, abin da suke kira yin da yang, kamar dare da rana ko sanyi da zafi, waɗanda kowane ke bukatar ɗan'uwansa. Sun fi koyarwa da misali da gajeren labari. A Indiya kuma ana ganin ilimi na haƙiƙa ba ya samuwa sai da horon jiki da zuciya a hannun malami. Masu binciken halayyar ɗan Adam sun ga alamar wannan bambanci har a zamaninmu. A wani gwaji da Masuda da Nisbet suka buga a 2001, an nuna wa ɗaliban Japan da na Amurka hoton kifaye cikin ruwa. Amurkawa sun fi fara bayani da babban kifin da ke gaba, Japanawa kuwa sun fi ambaton ruwan da tsirrai da yadda abubuwan ke haɗe da juna.

7. Kada a yi kuɗin goro

Abin da muka zayyana rinjaye ne, ba ƙa'ida ce marar togiya ba. Indiya tana da mazhabar Niyaya mai zurfin manɗiƙi, wadda ta shahara da misalin gane wuta a kan dutse ta hanyar ganin hayaƙi. Tana da ƴan Carbaka, waɗanda suka musanta rai da sakamako tun kafin mulhidan Turai. A Sin, Shunzi ya saɓa wa Manshiyus, ya ce ɗabi'ar mutum karkatacciya ce sai an miƙe ta da horo. A Yamma ma Arisɗo ya ce mutum ba ya cika sai cikin al'umma, kuma ƴan mazhabar Ruwaƙiyya sun koyar da haƙuri da rayuwa bisa tsarin halitta. Saboda haka maganar da wasu ke yi cewa Yamma hankali ce zalla, Gabas kuma ruhi ce zalla, magana ce ta wanda bai karanta ba.

8. Inda malaman Musulunci suka tsaya

Allah Ya sanya ƙasashen Musulmi a tsakiyar waɗannan duniyoyi biyu, kuma magabata sun san su duka. A Bagadaza, musamman zamanin halifa Ma'amun (813 zuwa 833 Miladiyya), an fassara littattafan Yunanawa zuwa Larabci. Kafin haka Ibnul Muƙaffa ya fassara Kalila wa Dimna, wanda asalinsa daga Indiya ne, Khawarizmi kuma ya yi bayanin lissafi da alƙaluman Indiya. Biruni ya koyi harshen Sanskirit, ya rubuta littafi a kan aƙidun Indiyawa wajen shekara ta 1030, yana kwatanta su da na Yunanawa. Sharhin Ibn Rushdi na Ƙurɗuba (1126 zuwa 1198), alƙali Bamalike mai littafin Bidayatul Mujtahid, yana cikin manyan hanyoyin da Turai ta fahimci Arisɗo. Ko littattafan Upanishad, farkon tarinsu da ya isa hannun masana Turai an juyo shi ne daga fassarar Farisanci da yariman daular Mugal, Dara Shiko, ya sa aka yi a 1657. A Sin kuma malamai irin su Liyu Zhi sun bayyana Musulunci ga mutanensu da kalmomin Konfushiyus.

Wanda ya fi tsara mana ma'auni shi ne Imam Gazali (1058 zuwa 1111). Sai da ya karanci falsafa har ya rubuta Maƙasidul Falasifa yana bayyana ta yadda masu ita suka faɗe ta, sa'annan ya rubuta Tahafutul Falasifa yana yi mata raddi a mas'ala 20. Uku daga ciki ya ce kafirci ne: cewa duniya ba ta da farko, da cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musanta tashin jikkuna. Amma lissafi da manɗiƙi, ya ce babu abin da ya haɗa su da musun addini. Ya yi gargaɗi game da mutum biyu: wanda ƙwarewar masu falsafa a lissafi ta ruɗe shi har ya bi su a aƙida, da kuma jahilin masoyin addini wanda ke musanta lissafin husufin rana da wata da sunan kare Musulunci, sai ya jawo wa addinin raini.

Wannan gado ya iso ƙasashenmu. Shehu Magili, wanda ya zauna a Abzin da Kano a ƙarshen ƙarni na 15, ya kare halaccin manɗiƙi a saɓaninsa da Imam Suyuɗi. Sullam na Akhdari littafin manɗiƙi ne da aka daɗe ana karantawa a zaurukanmu, kuma duk wanda ya karanci Ummul Barahin ta Sanusi ya san rabon hukuncin hankali zuwa wajibi da mustahili da ja'izi.

9. Abin da ya kamata mu riƙe

Idan muka auna da ma'aunin aƙidarmu, za mu ga Musulunci ya tabbatar da cewa kowane rai shi kaɗai zai tsaya gaban Ubangijinsa, kuma ya ɗora masa haƙƙin iyaye da dangi da maƙwabta. Ya sanya mutum halifa a bayan ƙasa, an hore masa halitta bisa amana, kuma za a tambaye shi. Zamani a wurinmu yana da farko da ƙarshe, rayuwar duniya sau ɗaya ce, don haka aƙidar ƙaurar rai daga jiki zuwa jiki ɓatacciya ce. Mahalicci daban ne da halittarSa, don haka ba mu karɓar cewa rai da Ubangiji abu ɗaya ne. Hankali hujja ne kuma sharaɗi ne na ɗora wa mutum hukunci, amma yana da iyaka, kuma wahayi ne ke haskaka masa abin da ya fi ƙarfinsa.

Nasiharmu ga ɗalibai ita ce su karanci filo da kyau, su fahimci kowane ra'ayi yadda mai shi ya faɗe shi, su tambayi kansu a wane zamani ya rayu kuma wace matsala yake son warwarewa. Su sani cewa manhajar da ke hannunsu ta fi ba da ƙarfi ga tunanin Turai, alhali ɗan Adam ya yi tunani a wurare da yawa. Su kuma ba karatun tauhidi lokaci kamar yadda suke ba darasin lakwal. Nasiharmu ga iyaye da malamai ita ce, idan yaro ya zo da tambaya mai nauyi, kada a kore shi da tsawa, domin tambayar da aka hana yi a gida za a kai ta wani wuri, kuma ba mu san wanda zai amsa ta ba.

Tambayoyi don tattaunawa a majalisin karatu

1. Wace tambaya ce Yunanawa da Sinawa da Indiyawa kowannensu ya fara da ita?
2. Mene ne bambancin Dekart da Buda game da haƙiƙar mutum?
3. Waɗanne mas'aloli uku ne Imam Gazali ya kafirta masu falsafa a kansu, kuma waɗanne fannoni ne ya ce babu laifi a cikinsu?
4. A zamanmu na yau, ina muke ganin alamun fifita mutum ɗaya, ina kuma muke ganin alamun fifita jama'a?

Allah Shi ne Mafi sani. Muna roƙonSa Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata, Ya shiryi zuriyarmu, Ya ba ɗalibanmu nasara. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.